Sai Ƙasa Ta Lafa

Abu ɗaya matarsa ta taɓa roƙonsa da bakinta tun da suka yi aure: ya mayar da ita gidansu na bakin teku, ta ƙarasa kwanakinta kusa da yayarta. Ba ta roƙe shi tun tana da ƙafa ba, sai da ciwo ya kwantar da ita. Shi kuwa ba mugu ba ne, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Mutum ne da ya san abu guda tak, ya san shi har cikin ƙashinsa, kuma sanin nan ne ya cinye masa gida.

Tana-tafe ake kiransa a garin. Yara haka suke kiransa, masu kamun kifi haka suke kiransa, har a ofishinsu in aka buga waya ana nemansa da sunansa na gaskiya sai an yi jim ana tunanin ko wane ne. Daga bakinsa ya samo sunan. In ka gaishe shi ka ce ina labari, maimakon ya ce sai alheri ya wuce kamar kowane ɗan'adam, sai ya dubi ƙasa, ya dubi teku, ya ce, "Tana tafe." Girgizar ƙasa yake nufi, babbar, wadda in ta gama jijjiga gari za ta ɗebo teku ta zuba a kansa. Mutane sukan yi dariya su ce Allah ya kiyaye, su ci gaba da cinikinsu.

Ba da wannan tsoron aka haife shi ba. Direba ne a farko, saurayi mai yawan fito da son gudu, ofishin masu binciken ƙasa ya ɗauke shi don ya riƙa kai ma'aikata kan tsaunuka yana taya su ɗaukar batir. Suna da waɗansu ginshiƙan siminti da suka kakkafa a kan duwatsu da gefen teku, kowanne da faranti a kansa yana sauraron tauraron ɗan'adam. Aikin ginshiƙan ɗaya ne, su faɗi ko wurin da suke tsaye ya gusa. Abin ya daɗe yana ba shi dariya, har ran nan ya kasa haƙuri ya tambayi Injiniya, wani dattijo mashayin sigari da ke shugabantar aikin, wai ina dutse zai gusa ya je.

Injiniya ya zagaya bayan mota ya zaro wani siririn katako, ya tokara bakinsa a jikin taya, ya danna ɗaya bakin da tafin hannu har katakon ya yi doro.

"Ka ga wannan? Ƙasar da muke tsaye a kai ke nan," in ji shi. "Can ƙarƙashin teku akwai wani falalen dutse, girmansa ya fi ƙasashe a haɗe, yana kutsawa ƙarƙashin namu. Da yana zamewa sumul da babu magana. To bakinsu ya cije da juna. Shi yana turowa, namu yana lanƙwasa, faɗin yatsa biyu ko uku a shekara. Abin da ginshiƙan nan suke aunawa ke nan."

"To sai yaushe zai daina?"

Bai rufe baki ba katakon ya kufce ya doke shi a ƙauri. Ya dafe ƙafa yana tsalle, Injiniya yana dariya har da tari.

"Ka ga amsarka. Ni da nake danne shi ma ban san lokacin da zai kufce ba."

Da a nan abin ya tsaya, da ya zama labarin da ake ba abokai a yi dariya. Sai aka tafi da shi wajen haƙa. A wata fadama da ke bayan gari suka yi rami mai zurfi, aka sa shi kwashe laka. Da aka goge bangon ramin sai ga baƙar laka da ratsin farin yashi a cikinta, layi bisa layi. Injiniya ya ce yashin teku ne, kowane layi ranar da teku ya shigo ke nan, tun kafin kakannin kowa. Ya nuna masa yadda lakar da ke tsakanin layukan ba ta zo daidai ba, wani wuri ta yi kauri, wani wuri ko rabinsa ba ta kai ba, don haka ba wanda zai ƙirga ya ce ga shekarar da za ta dawo. Direban ya ɗora hannunsa a kan lakar da ta taru bisa layin ƙarshe, ya ga ta riga ta fi tafinsa. Sannan ya ɗaga kai daga cikin ramin ya dubi inda teku yake, ya gane cewa kafin yashin nan ya iso fadamar sai da ya bi ta kan wurin da gadonsa yake. Ranar ya tuƙa motar zuwa gari ba fito.

Gidan da yake kwana gidan matarsa ne, gadon uwarta. Ita da yayarta teloli ne, kekunansu biyu suna fuskantar juna a ɗakin gaba, ƙofa a buɗe tana kallon titin bakin teku. Da ya aure ta shi ya tare a wurinsu, domin ba a haifi wanda zai raba kekunan nan ba. Mai Ɗinki, wato matar tasa, mace ce mai sanyi, in tana magana sai ka matso. Yaya kuwa, wadda mijinta ya rasu tun da wuri, ƙatuwar mace ce mai murya, in ta yi dariya har a kasuwa an san an yi wani abu. Daga safe zuwa yamma suna hira bisa ƙarar keke, allura a baki, wannan ta fara magana waccan ta ƙarasa.

Sai ga miji ya dawo gida da guduma da ƙusa. Ya sauke madubi daga saman gado, ya ɗaure kabad a jikin bango, ya kafa doka cewa takalmin kowa ya kwana yana kallon ƙofa. Ya rataye jaka da tocila da ruwa da magani a ciki, ya ce ko allura aka ciro daga cikinta sai an gaya masa.

"Angon ƙanwata," in ji Yaya, "in ka gama da kabad ɗin ka zo ka ɗaure ni. Ni na fi shi saurin faɗuwa."

Bai yi dariya ba. A wurin aiki kuwa tsoron ya yi masa rana. Ya koyi sauya batir da gyaran waya, ya koyi goge farantin hasken rana da kashin tsuntsaye ke rufewa, ya san ginshiƙin da awaki ke soshe jiki da shi da wanda ɓarayi ke yi wa ziyara, har ya bar tuƙi ya zama shi ne mai kula da su gaba ɗaya. Duk wata yakan zagaya su, duk wata su gaya masa abu ɗaya, cewa gefen tekun yana ta turuwa baya, ba dare ba rana. Shi ne kuma ya yi ta sintiri a ofisoshin gari kamar mai neman aure, har aka gaji da ganin fuskarsa aka kafa jiniya a bakin teku, aka zana kibiyoyi a bango masu nuna hanyar tudu.

Ranar da aka miƙa masa 'yarsu a asibiti, wadda daga baya ake kira Tilo saboda ba a sake samun wata ba, ya ji ɗumin jikinta a hannunsa, ya tuna ramin nan. Kafin a yaye ta ya samo gida a kan tudu, can ƙarshen wata doguwar matakala inda mota ba ta zuwa. Ya roƙi Yaya ta biyo su. Ta ce ita a ɗakin nan aka haife ta, in teku yana nemanta ya san adireshi. Mai Ɗinki kuwa ta saurare shi har ya gama bayanin falale da katako, ta nannaɗe tef ɗin awo a yatsunta, ta ce, "To." Ƙarti suka ɗauki kekenta suka hau da shi. Yaya ta tsaya a ƙofa tana zaginsu kada su kankare masa fenti, ta ƙi yarda ta dubi ƙanwarta.

Abin haushin shi ne, mutumin da ya cika wa gari kunne cewa shirun ƙasa ba lafiya ba ne, shi ne ya ɗauki "to" ɗin matarsa ya sa a aljihu ya ce magana ta ƙare. Wa zai hau matakalar nan don a rage masa ƙafar wando? Masu kawo ɗinki suka zo sau ɗaya don kunya, ba su ƙara ba. Keken ya koma ƙarƙashin zane, aka mai da shi wurin ajiye kwanuka. Da farko kullum takan sauka da yarinya a baya, ta wuni a wurin Yaya suna karɓa-karɓa a keke ɗaya, ta hau da yamma. Da gwiwoyi suka fara magana ta koma zuwa jifa-jifa, daga nan sai in an yi rasuwa ko haihuwa, daga nan ta daina. Yaya ma ciwon numfashi ya kama ta, ko ƙofar shago ta share sai ta zauna tana haki, balle tudu. Suka koma waya. Kullum da safe wayar takan yi ƙara, rabin hirar labarin unguwa ne, rabi kuma zagin angon ƙanwa. Daga tagar ɗakinsu ana hango rufin gidan a cikin rufuna, mai tsatsa a gefe guda, kuma a nan Mai Ɗinki take ajiye kujerarta.

Ya kula da ita, a faɗi gaskiya. Shi ke cefane, shi ke hawa da tukunyar gas a kafaɗa, shi ke shafa mata man zafi a gwiwa. Wani lokaci ƙasa takan ɗan motsa, kofuna su yi kacau-kacau a kan kanta, sai ya juyo ya dube ta da wata irin fuska, rabi tsoro rabi kamar wanda aka ba gaskiya a kotu.

"Kin ji ko, Maman Tilo?"

"Na ji, Baban Tilo."

Injiniya, wanda ya jefa shi cikin wannan duka, shi a bakin teku gidansa yake, kujerarsa a baranda tana kallon ruwa. Da tari ya kwantar da shi Tana-tafe ya je duba shi, ya kasa haɗiye tambayar da ta daɗe tana cinsa.

"Yallaɓai, kai fa ka nuna mini ramin nan. Me kake yi a nan har yau?"

Dattijon ya ɗaga kwalin sigarinsa ya kaɗa. "Wannan zai riga ta zuwa," ya ce, ya fashe da dariyar da ta koma tari. Tana-tafe ya fito yana girgiza kai, yana tausayin yadda tsufa ke taɓa hankalin masu ilimi.

Babbar girgizar ba ta zo ba. Injiniya ya rasu, Tilo ta yi girma ta zama nas, furfura ta cika kan Tana-tafe har ya yi ritaya, ba ta zo ba. Amma bai daina zuwa ofis ba. Sabuwar shugabar, wata matashiya da ake kira Dakta, ta bar masa benci a gefen kwamfuta, yakan zauna ya zuba ido a kan layin da ke nuna tafiyar ginshiƙan, layin da ke hawa tun yana saurayi. Duk wanda ya san aikin ya san bai yi kuskure ba. Nauyin yana taruwa, kuma zai sauka wata rana, ko gobe, ko bayan jikokin jikoki. Ƙasa ba ta gaggawa, shekarun mutum ɗaya ba komai ba ne a wurinta, kuma wannan ɓangaren karatun ne bai taɓa shiga kansa ba.

Ciwon Mai Ɗinki ya fara kamar wasa, ta ce abinci ba ya zama mata. Aka kai ta asibitin da ke bayan tudun, inda Tilo take aiki, aka yi hoto, aka yi gwaji, aka kwantar da ita, daga baya aka ce a mai da ita gida. Tilo ta tare shi a baranda da kayan aiki a jikinta.

"Baba, sun ce a kai ta gida a kula da ita. Ka gane abin da ake nufi?"

Ya gane.

Wata safiya yana ba ta shayi da cokali sai ta kau da kai, ta riƙe hannun rigarsa.

"Baban Tilo, ka san ban taɓa roƙonka komai ba."

"Na sani."

"Ka mai da ni wurin Yaya. Ba ziyara nake nufi ba. A shimfiɗa mini a ɗakin gaba, a bar ƙofa a buɗe, ina jin iska, ina jin kekenta. Abin da ya rage mini ba yawa, ina so in yi shi a can."

Ya ajiye cokalin. A karon farko ya dubi matarsa ya ga tsawon shekarun da ta yi a bakin tagar nan, kunya ta rufe shi. Ya ce zai kai ta, kuma har ga Allah da gaske yake. Ya sauka ya yi magana da ƙarti masu ɗaukar kaya, ya yi magana da mai mota ya jira a gindin matakala, aka sa rana. Yaya ta sa aka share ɗaki, aka wanke labule, aka ja kekenta gefe don katifa ta samu wuri, ta buga wa duk tsofaffin masu kawo ɗinki waya ta ce ƙanwarta za ta dawo. Ranar ma ba ta zage shi ba, cewa ta yi Allah ya yi masa albarka, har ya rasa inda zai sa kansa.

Ana gobe za a sauka, ƙafarsa ta kai shi ofis kamar yadda ta saba. Ya tarar kowa a tsaye, an kewaye kwamfuta. Layin da ya san shi yana hawa duk rayuwarsa ya karkata ya fara gangarowa.

"Zauna, Baba," in ji Dakta. "Can ƙasa da wurin da ya cije, dutsen ya fara zamewa a hankali. Ba girgiza ba ce, ba wanda zai ji a ƙafarsa, ginshiƙan ne kawai suka gani. Akwai kuma ƙananan motsi a ƙarƙashin teku."

"Ita ce?"

"Ban sani ba. Irin wannan yakan faru a wurare da dama, ya yi 'yan makonni ya tsaya, mafi yawan lokuta ba abin da ke biyo baya. Sai dai yana ƙara wa wurin da ya cije nauyi, don haka yiwuwar ta ƙaru."

"Ta ƙaru."

"Daga kaɗan ƙwarai zuwa kaɗan, Baba. Ba za mu ce kowa ya bar gidansa ba. Za mu ce a zauna cikin shiri, shi ke nan."

"In mahaifiyarki ce, ba ta iya tsayuwa, za ki kai ta bakin teku gobe?"

Dakta ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce ita ba ta san ranar ba, duk duniya babu wanda ya sani, wanda ya ce ya sani ƙarya yake. Gaskiya ta faɗa masa, amma ba da wannan ya fita ba. Abin da ya ji kawai shi ne ta ƙaru. Kuma akwai wata ƙa'ida ta aikinsu da shi kansa ya tsare ta shekara da shekaru, in ƙasa tana motsi ba a tura kowa ginshiƙan bakin teku sai mai ƙafar gudu.

Yana hawa matakala yana lissafi. In ƙasa ta gama jijjiga, lokaci kaɗan teku yake bayarwa. Mace ɗaya ba ta iya tsayuwa, ɗayar ba ta iya numfashi, shi kuma tsoho ne mai ciwon baya. Ya ga ruwan yana shigowa ta buɗaɗɗiyar ƙofar nan, ya ga katifar ta taso. Kafin ya kai gida ya buga wa mai mota waya ya ce a dakata.

Bai iya faɗa mata a ranar ba. Da safe ya shiga ɗaki ya tarar Tilo ta shirya ta tsaf, an sa mata rigar da ta ɗinka wa kanta tun tana da jiki, yanzu tana yawo a cikinta, an ɗaura mata ɗankwali, 'yar jakarta a kan cinya. Fuskarta ta yi wani haske da ya manta tana da shi. Ya durƙusa a gabanta ya yi bayani, na layi, na zamewa, na nauyi. Ya ce ba fasawa aka yi ba.

"'Yan makonni ne kawai, Maman Tilo. Sai ƙasa ta lafa. Ranar da ta lafa, wallahi a ranar zan kai ki."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Sannan ta kai hannu ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi a kan jakar.

"To," ta ce.

Tilo ta ja shi kicin ta rufe ƙofa.

"Baba, waɗanne makonni? Kai kana tsoron ranar da ba wanda ya sani. Tata ranar fa saura ƙiris likita ya faɗa mana da baki!"

"In ruwan ya zo, ni na kai ta da hannuna."

"In bai zo ba fa?"

Ya buɗe famfo ya fara wanke kofin da yake a wanke. Tilo ta koma ta ce wa uwarta ita za ta kira ƙartin da kanta, a sauka yau, wanda zai yi fushi ya yi. Mai Ɗinki ta girgiza kai. Ta ce ba za ta fita a bayan idonsa ba, ya ce zai kai ta, zai kai ta.

"Kuma kada ki sake ɗaga wa babanki murya," ta ƙara. "Tsoro ne ke damunsa, ba ƙiyayya ba."

Shi ya kawo shawarar a hau da Yaya. Ta zage shi tas a waya, sannan ta yarda. Aka ɗora ta a kujera, ƙarti suna nishi, ba a kai rabin matakala ba tsoro da jijjiga suka tayar mata da ciwon, numfashinta ya sarƙe, aka juya da ita a guje. Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar.

Kullum da safe yakan sauka ofis ya zauna a benci. Layin yana gangarowa, ƙananan motsin suna zuwa suna wucewa. A gari kuwa ba abin da ya canza, jiragen kifi suna fita suna dawowa, yara suna buga ƙwallo a kan yashi, an ji sanarwar a rediyo an ce Allah ya kiyaye. Yakan yi addu'a ƙasar ta tsaya. Ran nan kuma, yana tsakiyar matakala, ya kama kansa yana fatan ta zo ɗin, ta zo yanzu, don kawai ya shiga ɗaki ya ce mata kin gani. Ya zauna a wurin ya rufe fuska da hula yana neman gafara, gari guda yana shimfiɗe a ƙasansa da mutanensa.

In ya dawo takan tambaya, "Ta lafa?" Ya ce da saura kaɗan. Daga baya ta koma tambaya da ido. Da ciwon ya tsananta aka ƙara mata magani, barcinta ya fi farkawarta yawa. Ta fara kiran Tilo da Yaya, tana cewa a miƙo mata almakashi, tana jan bakin bargo tsakanin yatsunta kamar mai ɗinki. Wayar safe takan yi ƙara, a kara mata a kunne, Yaya tana ta magana ita kaɗai.

Sai wata safiya Dakta ta tare shi tun daga ƙofa da murmushi. "Ta tsaya, Baba. Layin ya koma hawansa, ba abin da ya faru." Ma'aikata suna ta miƙa, wani ya tafi sayo shayi. Shi kuwa ya juya ko sallama babu, ya tattaro ƙartin daga bakin kasuwa, ya hau matakalar da ƙarfin da bai san yana da shi ba.

"Ta lafa, Maman Tilo! Yau za mu tafi."

Idonta a buɗe yake, yana kallon silin. Tilo ta ɗauko bargo ta naɗe uwarta, aka ɗora ta a kujera. Cikin ƙartin da suka zo biyu kawai suka kama kujerar, sauran suka bi baya hannu banza, domin ba ta da nauyi. Ya bi gefenta yana riƙe da hannunta, yana nuna mata abubuwa, ga shagon mai gyaran takalmi, ga makarantar su Tilo, ga mota can tana jira. Kanta yana lilo da tafiyar.

Yaya tana ƙofa, ta dogara sanda, ta yi kwalliya. Aka shigar da Mai Ɗinki ɗakin gaba aka kwantar da ita a katifar da ta daɗe tana jira, aka buɗe ƙofa har bango. Iskar teku ta shigo ta ɗaga labule. Yaya ta lallaɓa ta zauna a bakin katifar tana haki, ta kama fuskar ƙanwarta da hannu biyu.

"Ga ki a gida, 'yar uwa. Kin ga ɗakinmu? Dube ni, ni ce."

Mai Ɗinki ta dube ta cikin ladabi. "Sannu, baiwar Allah," ta ce. "Mun gode da zuwa."

Yaya ta saki fuskar. Ta miƙe da ƙyar ta koma kan kekenta, ta jawo wani ƙyalle ta sa a ƙarƙashin allura, ta fara takawa, ko ƙarar za ta yi abin da muryarta ta kasa. Hawaye yana zuba a kan ƙyallen, ba ta tsaya ba. Tana-tafe ya durƙusa a gefen katifar. Tun da aka fara ciwon nan bai yi kuka ba, sai yanzu ya ƙwace masa, irin kukan tsofaffi marar sauti mai girgiza kafaɗa.

Shi kam Mai Ɗinki ta gane shi. Ta lalubo hannunsa ta riƙe, ta ɗan bubbuga shi.

"Baban Tilo, mene ne abin kuka?"

"Mun zo," ya ce. "Na kawo ki. Ga Yaya, ga teku, ga ƙofa a buɗe. Saurara ki ji."

Ta gyaɗa kai yadda ake yi wa yaro in yana ba da labarin da ba kai ba gindi.

"Kada ka damu kanka, ni ba sauri nake ba," ta ce. "In ƙasar ta lafa sai ka kai ni. Ka dai gaya wa Yaya ta ajiye mini ɗakin."